Ga mai tambayar kasuwar da ke ci a Gombe

Ƙanena, na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce ka gama bautar ƙasa, ka haɗa abin da ka tara da gudummawar yayyenka ya kai naira miliyan uku, kana so a faɗa maka inda za ka zuba: ka kafa lemar POS, ko ka sayi hatsi da kaka ka ajiye, ko ka shiga harkar sola. Ni ba zan zaɓa maka ba. Zan dai ba ka labarin inda na ci da inda na sha ƙasa, don tun ina yaron shago a Babbar Kasuwar Gombe nake cikin wannan rana, yau shekara ashirin da 'yan kai.

Abin da ya ɗauke ni dogon lokaci ban gane ba shi ne, abin da ke raya kasuwa ko ya kashe ta ba a cikin kasuwar yake tasowa ba. Daga Abuja yake tasowa, ko bakin boda, ko gidan mai, ko wajen 'yan canji. Lokacin da za ka ga layi a shagon maƙwabcinka, labarin ya riga ya tsufa.

Sana'ata ta asali janareta ce da injin ban-ruwa. Ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, ina zaune a shago muna saurare a rediyo, ban ɗauka maganar ta shafe ni ba, tunda ni ba mai nake sayarwa ba. Cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Ciniki ya yi sanyi, na ce damina ce, za ta wuce. Sai da rani ya shigo na je Dadin Kowa karɓar bashi wajen wani dattijo manomin shinkafa da na daɗe ina ba shi kaya. Na tarar da shi a bakin gona, injin da na sayar masa yana ajiye a gefe an rufa masa tsohon buhu, ga jarka biyu babu ko ɗigo. Ya ce min, "Alhaji, injinka lafiyarsa ƙalau, abincinsa ne ya fi ƙarfina." Ya ɗauki kara ya zana min lissafi a ƙasa: man da yake sha duk ban-ruwa, sau nawa a mako, mako nawa kafin a yanke shinkafa. Da ya gama jerawa, kuɗin mai ya kusa cinye ribar gonar. Can gaba kaɗan kuma wani matashi ya jingina farantan sola a kan itace, ruwa na zuba a kwami shiru, ba ƙara ba hayaƙi.

A mota ina dawowa na gane ashe ni ba inji nake sayarwa ba, ruwa nake sayarwa, kuma hanyar ɗebo ruwan ta canza ba ta sanar da ni ba. Na karya farashin janaretocin da suka rage, wasu ma uwar kuɗi kawai na karɓa, na koma famfon sola da faranti da batir. Da aka yi duhun nan na watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta kwashe sama da mako guda babu wutar lantarki, masu ƙanƙara da masu cajin waya da masu kemis da ke da allura a firji su ne suka riƙa nemana, ba ni nake neman su ba. Ba wayo na fi kowa ba. Na dai yi sa'a bashi ya kai ni gona.

To tambayar da nake yi wa kaina tun daga ranar, duk sanda na ji wani sabon abu a labarai, ita ce: aljihun wa wannan zai matsa, kuma in ya matsu, mene ne zai saya dole?

Batun POS kuwa ba zan ja shi ba. Waɗanda suka ci kuɗinsa su ne masu na'ura a hannu kafin wahalar takardar kuɗi ta farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira. Yanzu daga Jekadafari zuwa Pantami duk taku ashirin lema ce. Kuma abin da wahalar ta bari ba son tsabar kuɗi ba ne, sabo da taransifa ne. Mai shayi da mai tsire sun rubuta lambar OPay ko Moniepoint a kwali sun rataye. Wanda ke biyan kuɗin shayi da waya, me zai kawo shi wajenka cire kuɗi kullum? Za ka samu na cefane, ban ce ba za ka samu ba, amma ba wurin miliyan uku ba ne.

Yanzu bari in zo inda na sha kashi, don shi ne ya fi kusa da abin da kake shirin yi.

Ajiyar hatsi ta yi wa mutane rana shekaru a jere. Tun rufe boda na watan Agustan 2019 shinkafar gida ta samu daraja, injinan casa suka yawaita. Sannan daga 2023 zuwa tsakiyar 2024 duk wanda ya ajiye masara ko shinkafa ya ga riba irin wadda ba ya iya faɗa wa matarsa. Malamin makaranta, ma'aikacin banki, har mai wankin mota, kowa ya zama ɗan hatsi. Ni ma kwaɗayi ya ja ni. Da kakar 2024 na kwashi wani kaso na ribar sola na shiga Tudun Hatsi na sayi masara buhu ɗari biyu, na kama sito, na sa magani, na kulle, ina jiran watan azumi da bazara.

Alhali tun watan Yulin shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Da kunnena na ji. Na ce maganar gwamnati ce, ba za ta iso Gombe ba. Abu na biyu da ban lissafa ba: tsadar bara ita ke sa kowa ya faɗaɗa gona bana. Na ukun kuma, duk buhun da ni da ire-irena muka ɓoye, rana ɗaya zai fito kasuwa. Farashi ya ƙi tashi. Aka yi azumi, aka yi sallah, sai ma ƙasa yake yi. Ranar da na buɗe siton, warin magani ya bugi hancina, dillali ya soka buhu ya zuba ƙwaya a tafin hannu, ya busa, ya faɗi kuɗin da ya sa na zauna a kan buhun ban shirya ba. Ga hayar sito, ga kuɗin dako hawa da sauka, ga buhunan da ƙwari suka taɓa. Na sayar ƙasa da yadda na saya. Ban zargi kowa ba, don alamu duk sun zo, ni ne na rufe ido saboda na ga maƙwabci ya canza mota.

Daga nan na koyi raba canji gida biyu. Akwai wanda sa hannun mutum ɗaya ke kawo shi, sa hannun mutum ɗaya kuma ke ɗauke shi: boda, haraji, hana fitar da kaya. Ka tambayi masu sayen kaɗanya abin da ya same su a watan Agustan 2025 da aka dakatar da fitar da ɗanyenta waje na wata shida. Irin wannan kasuwa ana shigarta da ƙafa ɗaya, ɗayar tana bakin ƙofa. Ko solar da nake taƙama da ita ba ta tsira ba, don a 2025 an yi ta maganar taƙaita shigo da faranti daga waje, na kwana biyu ban yi barcin kirki ba.

Akwai kuma canjin da ba ya komawa baya da wuri, mafi girmansa shi ne mutane. Wanda ya san Tumfure kafin rikicin Borno da Yobe ya koro jama'a zuwa Gombe ya san gonaki ne suka fi yawa. Waɗanda suka lura da motocin kaya na shigowa da katifu da tukwane suka buɗe gidan bulo, suka sa shagon rodi da kwanon rufi, suka haƙa burtsatse suna sayar wa 'yan garuwa, wasu suka buɗe makarantar kuɗi. Haka Kashere bayan an kafa jami'ar tarayya a 2011: ɗakunan haya, gidan abinci, shagon kwafi. Mutum in ya gina gida ya sa yara a makaranta, ba sanarwar rediyo ce za ta tashe shi ba. Amma ka bambanta mutane da hayaniya. Da Buhari ya zo ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani a watan Nuwamban 2022, na san waɗanda suka ruga sayen filaye ta wannan yanki. Ni dai a ganina ba ranar yanka kirtani ake bi ba, ranar da aka fara biyan leburori duk mako har mai abinci ta kafa tukunya ake bi.

Sai dala. Kafin Yunin 2023 farashin gwamnati yana wajen naira 460, farkon 2024 ta haura 1,500. Duk kayan da za ka taɓa, ka san ɓangaren da yake tsaye. Riɗi da zoɓo waje ake fitar da su, riɗi zuwa irin su Sin da Japan da Turkiyya, zoɓo zuwa Meziko, saboda haka tashin dala daɗi yake musu, kuma farashinsu a ƙauye yana bin abin da aka yi a kasuwar Dawanau ta Kano ne. Kayana kuwa daga Sin suke zuwa, in dala ta tashi ina iya sayar da faranti da riba a takarda, in je sari kuɗin ya kasa maido min da adadin da na fitar. Sabon ɗan kasuwa a nan yake mutuwa yana murmushi. Kuma kar ka ɗauka akwai kayan da ba ya faɗuwa. Iyayenmu da auduga suka san Gombe, yau unguwar BCGA, da ta ci sunan tsohuwar ƙungiyar auduga ta Turawa, sunan kawai ya rage wa yara, tun da masaƙun Kaduna suka durƙushe.

Abin da nake yi yanzu ba wani ilimin boko ba ne. Ina da ƙaramin littafi a aljihun gaba. Duk Juma'a bayan masallaci nakan rubuta abu biyar: litar mai, dala a hannun 'yan canji, buhun masara, buhun takin yuriya, buhun siminti. Layi ɗaya ba ya faɗar komai, amma in ka jera na wata uku sai ka ga inda iska ke kaɗawa. Ina kuma shan shayi da direbobin manyan motoci, don su ne ke fara sanin kayan da ya daina tafiya kudu da wanda aka fara nema.

Da ni ne kai, kuɗin nan ba zan taɓa su ba har wata guda. Zan je Dadin Kowa in yini a fadama, in je Kumo ranar kasuwa, in zaga sababbin unguwannin bayan gari in ƙirga gine-ginen da suka kai linta. A ko'ina tambaya ɗaya zan yi: mene ne kuke kashe wa kuɗi bana wanda bara ba ku kashe ba? In ka ƙare a kan sola, kar ka fara da cika shago, don manyan dillalai za su fi ka araha. Ka liƙe wa mai haɗawa wata biyu ko uku ka koyi auna nauyin gida da haɗa batir, domin kukan da na fi ji daga masu saye shi ne an haɗa musu ba daidai ba batir ya mutu a wata shida. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kuma ka bar shi a banki kamar ba naka ba. In kuma zuciyarka ta nace sai hatsi, to ka fara tambayar manoma ko sun ƙara gona ko sun rage, ka ji kuɗin da suka sayi taki, sannan ka sayi buhun da in ya faɗi ba zai hana ka gaishe da yayyenka ba.