Wace ƙwarewa nake buƙata don in riƙa nuna hoton ɗaki kafin a ƙawata shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar jere da ƙawata ɗakuna a nan Kaduna, galibi gidajen amare. Kwanan nan masu ba ni aiki sun fara cewa sai na nuna musu hoton yadda falo zai kasance kafin su saki kuɗi, irin hoton da ake haɗawa a kwamfuta ya fito tamkar an ɗauka da kyamara. Ban karanta zanen gine-gine ba, kuma kwamfutata ta tafi-da-gidanka mai RAM gigabait 8 ce. Wace manhaja zan koya, kuma me ya kamata in iya? Daga wata mai karatu a Unguwar Rimi.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Hoton da ake nema a wurinki shi ne masu sana'ar ke kira renda, kuma aikinsa hawa biyu ne. Da farko ana gina ɗakin a cikin kwamfuta da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa, a sa masa ƙofa da taga da kujeru. Daga nan sai wata manhaja ta lissafa yadda haske zai shigo ta taga ko ya fito daga ƙwan fitila, ya bugi bango, ya sauka a kan tayil, ya dawo cikin ido. Kin fara da tambayar manhaja, amma ni a ganina ita ce mafi sauƙi a cikin lamarin, domin duk hoton da kika miƙa wa mai gida alkawari kika ɗauka cewa haka ɗakinsa zai fito, kuma kafinta da mai fenti da mai silin ne za su cika wannan alkawari da kayan da ake samu a kasuwa.

Saboda haka ƙwarewar farko ita ce awo. Na koyi wannan ne da tsada a wani falo a Barnawa, farkon shigata sana'ar. Na sauko da wasu kujeru masu kyau daga intanet, na ga sun cika ɗakin, sai na ɗan rage girmansu a kwamfuta har suka zauna daidai, hoton ya fito gwanin sha'awa, mai gida ya biya. Kafinta kuwa ya yi kujerun a girman da ɗan Adam ke zama a kai, kamar yadda ya kamata, ranar da aka shigo da su sai ga shi tsakanin kujera mai zaman mutum uku da teburin tsakiya ko ƙafa ba ta wucewa, ƙofar da ke shiga ɗakin cin abinci kuma ba ta buɗuwa sai rabi. Laifin nawa ne, ba na kafinta ba. Tun daga ranar ba na taɓa girman kaya don su shiga hoto.

Ki je gidan da tef ɗinki, ki auna kowane bango da kanki ko da an ba ki zanen ginin, domin abin da magini ya gina ba kullum yake daidai da abin da ke takarda ba, kuma filasta tana cin wuri. Ki rubuta tsayin silin, da nisan taga daga ƙasa, da inda soket da makunnin wuta da fanka suke, da ɓangaren da ƙofa ke buɗewa. Akwai lambobin da ya kamata su zauna miki a ka: ƙofar ɗaki galibi santimita 90 ce a faɗi da 210 a tsayi, mazaunin kujera kimanin 45 daga ƙasa, teburin cin abinci 75, kantar kicin 90 a tsayi da 60 a zurfi. Bulo mai inci 9 yana ba da bango mai kaurin santimita 22.5 kafin filasta, mai inci 6 kuma 15. Falankin da kafintocinmu ke yanka kabad da shi ƙafa 4 ne a faɗi da ƙafa 8 a tsawo, don haka ƙofar wadurof da ta haura santimita 244 dole a yi mata haɗi, kuma gara a ga haɗin tun a hoto.

Game da manhaja, ki fara da SketchUp. Ta fito a shekarar 2000, Google ya saye ta a 2006, sannan ta koma hannun kamfanin Trimble a 2012, kuma an san ta da sauƙin koyo ga wanda bai karanta zanen gine-gine ba: a zana murabba'i, a ja shi sama, ya zama bango. Ita dai ginin ɗaki take yi, hoton ƙarshe kuwa ana fitar da shi da irin su V-Ray ko Enscape ko D5 Render ko Twinmotion. Idan kuɗin lasisi ya yi miki nauyi, Blender kyauta ce tun 2002, tana gina ɗaki kuma tana fitar da renda da injinta mai suna Cycles, sai dai tana buƙatar haƙuri a makonnin farko. Manyan ofisoshi sun fi amfani da 3ds Max tare da Corona ko V-Ray, amma ba nan ne wurin farawarki ba. Ki zaɓi guda ki zauna a kanta. Na ga matasa da dama da manhaja biyar a kwamfuta, ba su gama ɗaki ɗaya ba.

Ƙwarewa ta biyu, inda ake gane gwani, ita ce haske, kuma a nan ne zan ɗan tsaya. Kaduna tana kusan digiri 10.5 arewa da layin da ya raba duniya biyu, wanda ke nufin rana tana bi kusan ta tsakiyar ka, tana karkata kudu a lokacin hunturu, tana ɗan karkata arewa daga wajajen tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta. SketchUp kuwa, idan ba a gaya mata inda gidan yake ba, tana ɗauka a garin Boulder na ƙasar Amurka yake, sai ta ba ki doguwar inuwa mai kwantowa irin ta ƙasashen sanyi. Dole ki saita wurin, ki nuna mata ina ne arewa, ki zaɓi wata da sa'a. Tagar da ke kallon yamma za ta kwaso zafin la'asar kai tsaye, kuma idan hotonki ya nuna haka, kin samu hujjar da za ki gamsar da mai gida cewa labule mai kauri ba almubazzaranci ba ne. Haka kuma hasken watan Janairu, lokacin da hazo ya rufe gari, mai laushi ne marar kaifin inuwa, ba kamar na bayan ruwan sama ba.

Sai hasken fitila, wanda ake auna launinsa da ma'aunin kelbin. Ƙwai mai 2700 zuwa 3000 yana ba da haske mai ɗan rawaya, mai 4000 tsaka-tsaki ne, mai 6500 kuma fari ne tas har yana ɗan komawa shuɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fitar da hoto da haske mai ɗumi, wanda ke sa fenti ruwan madara da katako su yi armashi, alhali mai wayarin zai je ya sayo fararen ƙwayaye ya jera a cikin silin fiyofi (POP), ɗakin ya koma kamar ɗakin jira na asibiti. Ki rubuta lambar kelbin a jikin takardar aiki, kuma ki fitar da hoto biyu, na rana da na dare.

Ta uku ita ce fatar kaya, wato yadda jikin kowane abu yake bayyana a ido. Kwamfuta ba ta san bambancin karan-miski da leda ba sai an gaya mata launin abu, da yawan ƙyallinsa, da kaushinsa. Tayil mai sheƙi yana mayar da hoton taga, fenti marar sheƙi yana shanye haske, kafet kuma ba ya ƙyalli ko kaɗan. Shafuka irin su Poly Haven da ambientCG suna ba da waɗannan kyauta, amma shawarata ita ce ki haɗa taki taskar daga kasuwa. Ki shiga kasuwar Sheikh Abubakar Gumi wurin masu yadin labule, ki shimfiɗa yadin a inuwa, ki ɗauke shi da wayarki kai tsaye daga sama, ki ajiye tef a gefensa don ki san girman zanen; ki yi haka wurin masu tayil da kafintoci da maƙeran Panteka. Tayil mai santimita 60 ya fito a 60 a cikin hoton, da layin da ke tsakanin ɗaya da ɗaya. Sannan kada ki manta ɗakin na wane ne: falon da za a riƙa zama a ƙasa ana cin abinci, ana shimfiɗa darduma ana fuskantar alƙibla, yana buƙatar fili a tsakiya wanda hotunan gidajen Turawa ba sa bari.

Kyamarar cikin manhaja ki tsayar da ita a tsayin mita 1.2 zuwa 1.5, ki tabbatar bangaye sun miƙe ba su jirkice ba, kuma kada ki faɗaɗa ganinta da yawa, domin hakan yana mayar da ƙaramin ɗaki ya zama kamar zaure, wanda shi ma nau'in ƙarya ne.

Kwamfutarki za ta iya ginin ɗaki a SketchUp da ƙananan renda a Blender, in kin haƙura da jira kuma ba ki cika fayil da manyan kaya ba. Idan aiki ya fara shigowa, ki nemi RAM gigabait 16 da katin sarrafa hoto na Nvidia daga jerin RTX, domin su D5 Render da Twinmotion a kan katin suke dogara. Da yanayin wutarmu kuma, ki kunna ajiya ta atomatik, ki riƙa gwaji da ƙaramin hoto, sai komai ya yi daidai ki saki babban. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke ƙawata hoton ɗaki cikin daƙiƙoƙi suna da amfani wajen neman ra'ayi, amma sukan matsar da taga ko su ƙara faɗin da babu shi, don haka ba a ba kafinta aiki da su.

Abu biyu ki faɗa wa mai gida tun kafin ya biya. Na ɗaya, allon waya haske yake fitarwa, bango kuwa mayar da haske yake yi, kuma waya biyu ma ba sa nuna launi iri ɗaya, don haka za a shafa samfurin fentin a jikin bangon a dube shi da safe da dare kafin a sayi bokitai. Na biyu, duk canjin da ya shafi rushe bango ko faɗaɗa ƙofa sai injiniyan gini ya duba, komai kyawunsa a hoto. Ki kuma ƙayyade sau nawa za a yi gyara a cikin kuɗin da aka yi ciniki, in ba haka ba uwar amarya za ta canza launin labule, gwaggo ta canza kujeru, ke kuma kina ta kwana a gaban kwamfuta.

Gwajin da nake ba masu koyo shi ne wannan: ki auna ɗakinki, ki gina shi yadda yake da duk abin da ke ciki, ki ɗauki hotonsa da waya da ƙarfe 4 na yamma daga bakin ƙofa, sannan ki fitar da renda daga wannan wuri a wannan sa'a, ki jera su gefe da gefe. Duk inda suka saɓa, ki koma ki nemo dalili, ko a awo ne, ko a haske, ko a fatar kaya, ki maimaita har su kusa zama ɗaya kafin ki karɓi aikin wani.