Ɗan mutum-mutumi a ajin firamare

Malama, kin tambaya ko ƴan na'urorin nan da makarantarku ta sayo a Jidda na darasin kwamfuta ne kawai. A'a, kada ki bar su a kabad.

Idan Bee-Bot ne, wato ɗan mutum-mutumi mai siffar ƙudan zuma da ake ba umarni ta maɓallan bayansa, taku ɗaya santimita 15 yake yi, juyi kuma digiri 90. Ki samo babban kwali ki zana murabba'ai masu wannan faɗin. Lissafi ya samu ke nan: taku huɗu santimita nawa? Yaro zai auna da rula ya gani da idonsa.

Wanda ya fi burge ni taswirar Hajji ce. Na zana Mina, Arfa da Muzdalifa, na ce yara su tura shi yadda alhazai ke bi. Da wani ya tsallake Muzdalifa, ajin ya ɗauki ihu, su suka gyara masa ban ce uffan ba. Haruffan Larabci ma haka, ya taka ba, alif, ba, su karanta "bab".

Sai dai kada rukuni ya wuce yara huɗu, in ba haka ba mai ƙarfi ne zai riƙe maɓallan. Kuma ki sa caji tun dare.