Kada ka shafe bangon dutsen nan da siminti

Malam, ka tambaya ko siminti zai tsayar da laimar tsohon gidan dutsen da kuka saya a Sikotilan. Don Allah kada ka yi. Da kwaɓin farar ƙasa da yashi aka ɗaure duwatsun irin waɗannan gidaje, shi ya sa ruwan da ya shiga bango yake samun hanyar fita. Siminti kuwa kulle shi yake yi a ciki, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa, kan katakon rufi ya ruɓe. Kamar dai siminti a kan ginin ƙasa.

Maimakon siminti, a ƙwaƙule tsohon kwaɓin da ke tsagar tsakanin duwatsu da hannu, zurfin ya kai ninki biyu na faɗin tsagar. A jiƙa wurin, a cusa kwaɓin farar ƙasar gini (lime) mai lamba NHL 3.5 kashi 1 da yashi mai kaushi kashi 2.5, sannan a rufe da jiƙaƙƙen buhu na 'yan kwanaki. Idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5, a dakata.

Kafin komai, duba rajistar Historic Environment Scotland, hukumar da ke kula da gine-ginen tarihi a Sikotilan. In gidan yana rukunin A, B ko C na gine-ginen da doka ta kare, ko taga ba a sauyawa sai da izinin ƙaramar hukuma.