Zauren Maharba: Wace Bindiga Mai Sakata Ta Dace Da Harbin Nesa A Fili?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Gadon farauta na yi, da bindigar toka na tashi. Yanzu da rani, in an kwashe amfanin gona fili ya yi fetal, dabba ba ta yarda a matso ta. Ina son bindiga mai sakata, wato wadda ake jan ƙarfen makullinta da hannu a ɗura harsashi ɗaya bayan ɗaya, wadda za ta ci mita 300 zuwa 400. Abokaina sun ce in nemi .308. Me kuka gani?
Daga mai karatu a Rijiyar Zaki, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin mu taɓa ƙarfe bari mu fara da takarda, domin shawarar abokanka tana iya kai ka gidan yari.

Dokar bindigogi ta Nijeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta kasa bindiga gida uku. Akwai masu ɗuri ta baki irin taka ta toka, lasisinsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, wato a nan Kano maganar tana hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai. Akwai na farauta, lasisinsu na Sufeto-Janar ne. Sai haramtattu, waɗanda ba mai riƙe su sai da sahalewar Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu dokar ta ambaci bindigogin soja masu faɗin baki milimita 7.62, milimita 9, da inci .300 da .303. To harsashin .308 Winchester tagwaye suke da harsashin soja na 7.62 wanda bindigar soja ta G3 ke ci. Haka .30-06 da .300 Winchester Magnum, duk bakinsu ɗaya ne. A Amurka ko Afirka ta Kudu su ne abincin maharba, amma a nan ka nisance su. Hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga bai gaza ɗaurin shekara 10 ba. Ka kuma sani a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, saboda haka ka je Bompai da ƙafarka ka ji inda aka kwana tun kafin ka ba kowa sisin kwabo. Lasisin bindiga kuma ba izinin farauta ba ne, wannan na sashen kula da namun daji ne. Dajin Falgore ba wurin farauta ba ne, kuma manyan dabbobi da dama suna ƙarƙashin kariyar doka.

In takardu sun kammala, ga zaɓi huɗu da za mu duba. Mu dai .270 Winchester muka fi natsuwa da ita. Tun 1925 take hannun maharba. Harsashinta mai nauyin giren 130, wato giram 8.4, yana barin baki da gudun kusan mita 930 a daƙiƙa, shi ya sa ba ya saurin sunkuyawa. In ka saita ta a mita 200, a mita 300 zai sauka ƙasa da wurin saiti da kimanin santimita 20, a mita 400 kuwa ya haura rabin mita. Ta biyu ita ce 6.5 Creedmoor wadda kamfanin Hornady ya fitar a 2007. Ba ta kai .270 gudu ba, wajen mita 820 take yi da giren 140, amma harsashinta dogo ne siriri, iska ba ta cika ture shi ba, kuma shurinta a kafaɗa da sauƙi. Ita kuwa .243 Winchester ta ƙananan dabbobi ce irin gada, kada ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Ta huɗun, 7mm Remington Magnum, ba ma ba sabon hannu shawararta: ƙara da shuri suna koya wa mutum runtse ido da fizgar kunama, kuma in wannan ɗabi'a ta kama maharbi da wuya ta sake shi.

Tsakanin .270 da 6.5, wadda dillali mai rajista zai iya samo maka harsashinta a kai a kai ita ce taka.

Maganar mita 400 kuma, Malam, bindigar za ta kai, tambayar ita ce ko kai za ka kai. Makasar ƙaramar dabba, wato zuciya da huhu, ba ta wuce faɗin faranti ƙarami ba, kamar santimita 15. Iskar da ke gitta maka da gudun kilomita 16 a awa, wadda hunturun Kano ke wuce ta ba tare da wani ƙoƙari ba, tana ture harsashin .270 kusan santimita 20 a mita 300. Ka ga ka fita daga makasa ka shiga tumbi ko cinya, dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu inda ba wanda zai yanka ta, nama ya zama mushe. Ka tsaya a nisan da kake iya zuba harsashi biyar a jere cikin faranti, a zaune ko a kan sanduna, ba a kan tebur ba. Ga yawancin mutane wannan bai wuce mita 200 zuwa 250 ba. Abin da ya fi wannan nauyi: bindigar toka ƙarfinta yana mutuwa kusa, wannan kuwa in ta kuskure harsashinta yana iya tafiyar kilomita huɗu. Filayenmu cike suke da makiyaya, masu itace da yara masu kiwo. In ba tudu ko gaɓar rafi a bayan dabba, ba a harbi.

TAMBAYA: In na riƙi bindigar a hannu, musamman wadda aka taɓa amfani da ita, me zan duba?
Daga mai karatu a Hotoro.

AMSA: Da farko buɗe sakata, ka duba da ido ka kuma sa yatsa ka tabbatar ba harsashi a ciki. Lambar jikin bindiga ta yi daidai da ta takarda. Sannan zare sakatar gaba ɗaya ka leƙa bututun ta baya, kana fuskantar haske. Zanen da ya murɗa a ciki, wanda ke sa harsashi juyawa, ya kasance da kaifi. In farkonsa ya yi baƙi ya tsattsage kamar busasshen tabki, wuta ta cinye shi, bar ta. Duba leɓen baki: 'yar lanƙwasa ko ɓantara a nan tana isa ta watsa harbi.

Tsawon bututu inci 22 zuwa 24 ya isa. Ɗauki takardar naira ka zura tsakanin bututu da katako, ta wuce sumul har kusa da gindi. In ta maƙale, katako yana taɓa ƙarfe, kuma da damina in ya sha laima ya kumbura saiti zai kauce. Shi ya sa muka fi son jikin roba a kan na katako, duk da katako ya fi kyan gani. Kunama ta saki a nauyin kilo 1.2 zuwa 1.5, tsaf, ba jan ƙafa. Kada ka bari wani ya goge ta da zarto don ta yi laushi, nan ne bindiga ke fara tashi da kanta. Nauyinta da madubi ya tsaya wajen kilo huɗu; wadda ba ta kai haka nauyi ba tana rawa a hannu kuma ta fi shuri. Tikka T3x ta Finlan, Remington 700, Winchester Model 70, da masu tsarin Mauser 98 duk sun amsa sunansu. Gwajin gaskiya dai a takarda yake: harsashi uku su taru cikin santimita uku zuwa huɗu a mita 100.

TAMBAYA: Wane madubin hange zan ɗora, kuma yaya ake saita shi?
Daga mai karatu a Gwale.

AMSA: Mai girmamawa daga 3 zuwa 12 ko 4 zuwa 16 ya wadatar. Wanda ya fi haka, da zafin bazara kawalwalniya kawai zai ƙara maka. Kada ka yi ƙwauron kuɗi a madubi da zobban da ke riƙe shi, domin yawancin bindigar da ake cewa ta lalace, dunƙulen zobe ne ya kwance.

Wajen saiti, kafa bindiga a kan buhun yashi, zare sakata, leƙa ta bututu ka sa alamar da ke mita 50 a tsakiya, sannan ka murɗa madubi har giciyensa ya hau kanta. Koma mita 100 ka harba uku, ka auna tsakiyarsu. A wasu madubai kowane ƙyas ɗaya santimita ɗaya ne, a wasu milimita bakwai, yana rubuce a murfin. Ga .270, ka sa su sauka santimita huɗu zuwa biyar sama da alama, wannan zai ba ka saitin mita 200. Bar bututu ya huce tsakanin harbi. In ka sauya nauyi ko kamfanin harsashi, ka sake saiti. Na'urar auna nisa ma ta zama dole, ido yana yin ƙarya a fili.

TAMBAYA: Da hunturu sakatata tana yin tauri, har wani lokaci na ja kunama ba ta tashi ba.
Daga mai karatu a Dorayi.

AMSA: Mai ya yi yawa, ɗan'uwa. Ƙurar hunturu in ta haɗu da mai sai ta zama kwaɓi, ta cika cikin sakata ta rage wa allurar da ke bugun harsashi ƙarfi. Wargaza sakatar yadda littafinta ya nuna, ka wanke, ka goge ta bushe, ka ɗiga ɗigon mai kaɗan a haƙoran da ke kulle ta kawai. In ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka buɗe nan take. Bar bakin yana kallon wuri mai aminci har daƙiƙa 30, sannan ka buɗe fuskarka a gefe. In kuwa taurin yana zuwa ne bayan harbi, duba inda kake ajiye harsashi. Wanda ya wuni cikin mota a rana matsinsa yana hawa, kwanso ya kumbura ya riƙe sakata. Ajiye shi a inuwa, in kuma taurin bai daina ba ka dakata da harbi har mai gyaran bindiga mai rajista ya duba ta.