Kafin a Taɓa Fenti

Ɗana, jiya ka tambaye ni me ya sa na hana Alhaji sayen tayil da fenti, alhali so yake ya ƙara kuɗin hayar gidansa na Mabera. To, ga dalili.

Mai neman haya a Sakkwato, in ya shiga ɗaki, sama yake fara dubawa. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, ɗakin da ba silin kuwa tanda ce, kwano na gasa mutum har bayan isha'i. Amma ba a sa silin sai an hau rufi an canza ƙusoshin da suka yi tsatsa, an toshe yoyo. In ka yi gaggawa, ruwan Agusta ɗaya ya isa ya zana maka taswira a kai. Mu kuma fasa taga ta biyu daura da ta farko don iska ta ratsa, a sa raga saboda sauro.

Sai ruwa. Maigida ne ke biyan haya, amma uwargida ke cewa a kama ko a bari, ita kuwa lissafin 'yan garuwa take yi. A ɗora tanki, a ja famfo zuwa kicin da banɗaki. Ka tuna a yi wa tankin rumfa. Baƙin tanki a ranar garin nan, da azahar ko alwala ba ta yiwuwa da ruwansa.

Banɗaki kowane sashe da nasa, nan ne kuɗin haya ke tashi da gaske, don mai iyali ba ya son matarsa na bin layi da baƙi. In ka gama daɓen, kwara bokiti guda ka tsaya ka gani. Ruwa ya kwanta a lungu? Fasa ka sake, kada ka jira ni. Mita ma a raba, rigimar kuɗin wuta ta kori masu haya da yawa.

Fenti sai filasta ta bushe sarai. Gindin bangon nan da ke tashi kamar kanwa, danshi ne. Kankare shi za mu yi mu sake yaɓe. A shafa fenti mai sheƙi daga ƙasa zuwa ƙugu, ƙurar hunturu sai a goge da tsumma. Tayil kuwa, in kuɗin Alhaji sun rage.

Gobe ka zo da tsani bayan asuba, kafin kwano ya ɗau zafi.