Ɗan Fotugal a yaƙin basasar Sifaniya: in canza wa jarumina ƙasa?

Tambaya: Malam, ina rubuta ƙagaggen labari a kan wani saurayi ɗan Fotugal da ya yaƙi sojojin Janar Franco, jagoran sojojin da suka yi wa gwamnati tawaye, a yaƙin basasar Sifaniya. An ce mini ba zai yiwu ba, tunda Franco gwamnatinsu ta mara wa baya. In canza masa ƙasa?

Amsa: Kada ki canza, Malama. Gaskiya ne Salazar, shugaban gwamnatin Fotugal a lokacin, ya tsaya wa Franco tun daga 1936 har 1939. Makamai sun bi ta Fotugal, har akwai 'yan ƙasar da ake kira Viriatos a rundunarsa. Amma gwamnati daban, talaka daban.

Inda marubuta ke tuntuɓe shi ne su ɗauko jarumi daga Lisbon su jefa shi cikin rundunar 'yan sa-kai ta ƙasa da ƙasa. Da yawan 'yan Fotugal yaƙin ne ya tarar da su a Sifaniya suna ci-rani, wasu a ramukan ma'adinai, suka bi mayaƙan ƙungiyoyin ƙwadago irin CNT. Harsunan biyu 'yan uwa ne, sai suka saje. A nan zan so ki nemo naki.

Ko ki mai da shi sojan ruwa. Ranar 8 ga Satumba 1936, ma'aikatan jiragen yaƙin Fotugal Afonso de Albuquerque da Dão suka yi wa gwamnatin Salazar bore a kogin Tejo a Lisbon, aka yi musu ruwan wuta daga gaɓa. Wasunsu na cikin fursunonin farko da aka kai sansanin fursuna na Tarrafal a Kef Bade, inda akwai kurkukun siminti da suke kira kaskon suya saboda zafi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne rashin wurin komawa. Da aka sallami baƙin mayaƙa a 1938, Ba'ingile ya koma gida. Ɗan Fotugal kuwa, 'yan sandan ciki na PVDE ke jiransa. Ai bayan kisan gillar da sojojin Franco suka yi a Badajoz, wani garin Sifaniya kusa da iyaka, a Agustan 1936, hukumomin Fotugal sun riƙa mai da masu gudu hannun waɗanda za su harbe su. Shi ya sa a 1939 da yawa suka ƙare a sansanonin tsare 'yan gudun hijira na Faransa, Argelès da Gurs.

Sai dai kada ki mai da duk mai kaki mugu. A Barrancos, wani garin Fotugal a bakin iyaka, Laftanar António Augusto de Seixas ya kare ɗaruruwan 'yan gudun hijira har jirgin Niassa ya kai su Tarragona, garin Sifaniya da ke hannun masu adawa da Franco, aka hukunta shi a kan haka. Ki bar jaruminki ya gamu da shi a bakin iyaka.