Ga 'yar uwar da aka ce samfur ɗin bincikenta ba abin dogaro ba ne

Wallahi Malama ina karanta tambayarki gabana ya faɗi. Kin ce kin tura Google Form a guruf-guruf na WhatsApp mutum 400 suka cike, kika rubuta randam samflin, wato zaɓen mutane ta hanyar ƙuri'a, a babi na uku, yanzu an ce samfur ɗin bai inganta ba, ko ki ƙara mutane? Kar ki ƙara ko ɗaya tukuna, ba a yawan matsalar take ba.

Ni nawa a kan malaman firamare na yi a mastas, sufabaiza na da bakinsa ya ce in ɗauki teburin Krejcie da Morgan na 1970, mai nuna yawan mutanen da za a ɗauka a bincike, in rubuta 384, in raba takardun tambayoyi a duk makarantar da hedimasta ya yarda, ya kuma sa hannu a babin da jan biro. Ranar difens, wato ranar kare bincike, eksitanal, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya duba aikin, ya buɗe shafin ya cire tabarau ya ce "ina jerin sunayen malaman da ka zaɓo waɗannan daga ciki?" Na waiwaya na kalli sufabaizan nawa, wallahi kansa na kan waya kamar bai taɓa ganina ba, da aka matsa masa sai cewa ya yi "ai na ce masa ya gyara". Ni! A gaban ƙananan ɗalibai da suka zo kallo, zufa har cikin takalmi. Mutumin da nake wuni a benci bakin ofishinsa ya fito ya ce in dawo gobe. Ban ce Allah ya isa ba amma ban manta ba, don sai da na koma fili, ga kuɗin mota ga fotokwafi ga kuɗin makaranta na wani zangon.

To abin da na fahimta bayan nan, 384 ɗin nan ko lissafin Yamane na fitar da yawan samfur da kowa ke kwafa suna aiki ne idan kowa a cikin jama'ar da kike nazari yana da damar a zaɓe shi. Su wa suka cike naki? Masu babbar waya, masu data, waɗanda suka san ki. A zaɓen Amurka na 1936 mujallar Literary Digest ta samu amsar mutum sama da miliyan 2, ta ce Landon zai ka da Roosevelt, Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48, ɗaya daga cikin dalilan kuskuren mujallar shi ne yawancin sunayen daga littafin lambobin tarho da rajistar masu mota ta kwaso su, wato masu hali. Gallup, wani mai binciken ra'ayin jama'a, da mutane kaɗan ya faɗi daidai.

In ba ki da ƙarfin komawa fili, cire kalmar randam ɗin nan, ki rubuta cewa waɗanda suka sauwaƙa kika samu, ki sa a iyakokin bincike, kuma kar ki ce sakamakon ya shafi jihar gaba ɗaya. In kina da lokaci ki nemo cikakken jerin sunaye, ki raba rukuni-rukuni, maza da mata, birni da ƙauye, ki sa Excel ya yi miki ƙuri'a a kowane rukuni. Kuma don Allah kar ki kare kanki da cewa Cronbach alfa ɗinki ya haura 0.7, wannan ma'aunin daidaituwar tambayoyinki da juna yake aunawa ba mutanen da kika zaɓa ba, na ga an yi wa wata dariya a kan haka.

Masu yin SPSS, manhajar lissafin bayanan bincike, a shagunan bakin makaranta ma ki yi hattara, wasunsu in lambobi ba su fito yadda ake so ba da kansu suke gyarawa. Sannan duk kwafin da sufabaiza ya yi wa gyara da hannunsa ki adana shi, ki je da shi ranar difens a jakarki. Wane fanni kike ma? In ilimi ne ki yi min magana ta inbos in turo miki yadda na sake rubuta babi na uku.